Bajamushen da ke tsare da sitonmu

A kudu maso yammacin Jamus, kusa da birnin Heidelberg, akwai wani ɗan gari da ake kira Walldorf, mutanensa ba su kai dubu 20 ba. Ban taɓa zuwa ba, ban kuma ga abin da zai kai ni ba. Amma kullum ranar aiki, abin da aka tsara a garin nan shi ke yanke hukuncin ko mota za ta fita daga sitonmu da ke nan Katsina ko kuwa za ta kwana. Can ne hedkwatar SAP, kamfanin da ke yi wa manyan kamfanonin duniya manhajar tafiyar da lissafi, sito, saye, sayarwa da albashi.

Aikina riƙon sito ne a wani depo na kamfanin kayan masarufi: sukari, fulawa, taliya, gishiri. Tireloli na kawo mana kaya daga Legas da Kano, diloli kuma su ɗauka daga hannunmu zuwa Babbar Kasuwa, Jibiya, Mai'aduwa, Daura, Dutsin-ma da Charanci. Su dilolin ba su ɗauki SAP a matsayin manhaja ba. In ka ji suna maganarsa sai ka rantse wani babban ma'aikaci ne mai taurin kai da ke zaune a ofishin sama: "Sap ɗin ya yarda?" "Yau ma bai sake ni ba?" Tun ina gyara masu har na bari, don da na bi tarihin kamfanin sai na ga ba su yi nisa da gaskiya ba. Halin wasu mutum biyar ne aka ɗura wa na'ura.

Mutum biyar ɗin su ne Dietmar Hopp, Hasso Plattner, Klaus Tschira, Hans-Werner Hector da Claus Wellenreuther, dukkansu ma'aikatan IBM a Mannheim. Suka ajiye aiki, suka kafa nasu a watan Afrilun 1972. Ko kwamfuta ɗaya ba su da ita. A wancan zamani kwamfuta ƙatuwar aba ce mai cin ɗaki guda, sai manyan kamfanoni ke iya ajiye ta. Abokin cinikinsu na farko wata masana'antar zaren nailan ce ta kamfanin ICI na Ingila da ke garin Östringen, kuma a kan kwamfutar masana'antar suka rubuta manhajarsu, galibi da dare da ƙarshen mako, lokacin da masu ita suka tashi daga aiki. Shekarar farko ta ƙare suna da ma'aikata tara da cinikin mak dubu 620, kuɗin Jamus na lokacin.

Wannan asali shi ya sa abin ya fito yadda ya fito. A tsakiyar masu sito da akantoci aka haife shi, ba a jami'a ba. Kafin su, yadda ake yi shi ne kowane sashe ya tara takardunsa, a huda su a kan kati, a bar wa kwamfuta ta sarrafa cikin dare, gobe ko jibi a ga sakamako. Mai sito yana da nasa adadin, akanta yana da nasa, mai saye yana da nasa, ƙarshen wata a zauna ana rantse-rantse. Su kuma suka zo da abu biyu. Na farko, a shigar da magana sau ɗaya ta allon kwamfuta, nan take ta bayyana a duk inda ta shafa. Na biyu, maimakon kowane kamfani ya ɗauki masu rubuta mashi tasa manhajar, a rubuta guda ɗaya a riƙa sayar wa kowa, tunda lissafin masana'antar zare da na masana'antar sabulu duk ƙashinsu ɗaya ne.

A 1973 suka fitar da ta lissafin kuɗi, RF. A 1975 ta saye da sito, RM. A 1977 suka koma Walldorf. Ƙarshen shekarun 1970 aka fara R/2, wadda ta haɗa sassan kamfani a kan waccan ƙatuwar kwamfuta, a 1988 kuma suka shiga kasuwar hannun jari a Jamus. Amma wadda ta mayar da su abin da suke yau ita ce R/3 ta 1992. Ta raba aikin gida uku: ma'ajiyar bayanai daban, kwamfutar da ke aikin lissafin daban, wadda ma'aikaci ke dannawa a teburinsa daban. Kamfani ya daina buƙatar na'ura mai cin ɗaki. Manyan kamfanonin Amurka suka yi caa a kanta, sannan fargabar da aka yi cewa tsofaffin kwamfutoci za su rikice da shigowar shekarar 2000 ta ƙara tura masu kasuwa. A 1998 sunan SAP ya hau allon kasuwar hannun jari ta New York. Wadda muke aiki da ita a depo, ECC, jikar waccan R/3 ce, kuma kamanninta bai ɓuya ba: allo ruwan toka, akwatuna birjik, kowane aiki da lambarsa da sai ka haddace.

Bari in faɗi yadda buhun sukari ɗaya ke rayuwa a cikinta, don a nan ne duk hikimar take.

Kafin tirela ta taso, mai saye ya riga ya buɗe takardar odar saye: kaya kaza, adadi kaza, farashi kaza, daga wane zuwa sito kaza. In motar ta iso, 'yan dako suna saukewa ina ƙirgawa da webil, takardar da ke rako kayan, a hannu. Sai in buɗe MIGO, shafin shigar da kaya a tsarin, in kira lambar odar, in shigar da abin da idona ya gani da lambar motsi 101, wato ta karɓar kaya. Oda ta ce buhu 600, na ƙirga 596 lafiyayyu, huɗu sun fashe a hanyar Funtuwa ko ruwa ya taɓa su: 596 zan karɓa, huɗun kuma su bi tasu hanyar. Ina danna ajiye, abu biyu sun faru a tare. Adadin sito ya ƙaru, darajar kayan kuma ta shiga littafin kuɗi ba tare da wani akanta ya ɗaga biro ba. Daga baya in takardar neman biya ta zo daga mai kaya, akanta zai shigar da ita ta MIRO, tsarin ya jera abu uku ya duba: abin da aka yi oda, abin da na karɓa, abin da ake neman a biya. In mai kaya ya rubuto kuɗin 600, takardar za ta tsaya cik, ba za a biya ba sai an warware zancen huɗun nan.

Fitar kaya ma haka. Ana buɗe odar dila, a yi takardar fitarwa, in fitar da lambar motsi 601, sito ya ragu, sannan a buga takardar kuɗi, bashin ya hau kan sunan dilan. Ba zan iya fitar da buhun da tsarin bai san da shi ba, ko da kuwa ga shi a gabana ina taɓa shi. Abin da ya fi muhimmanci kuma: ba a gogewa. Wanda ya shigar da 101 ba daidai ba, sai dai ya warware da 102, duka biyun su zauna har abada, kowace da sunan wanda ya yi, da rana, da sa'a. In an rufe wata, an rufe ke nan, ba mai komawa baya ya cusa takarda sai an buɗe mashi daga sama, buɗewar ma tana barin sawu.

Gab da azumi, lokacin da sukari ke zama zinariya, wani dattijo cikin manyan dilolinmu na ɓangaren Jibiya ya zo da motoci biyu. Odarsa ta maƙale. Kowane dila akwai iyakar bashin da aka yanka mashi, shi kuwa sabuwar odar ta haura da shi, kuɗin da ya tura da safe kuma ba a riga an shigar da su a asusunsa daga hedkwata ba. Ya shigo ofis da kansa, abin da bai saba yi ba.

"Ɗana, ni ne fa. Tun kana goye nake ɗaukar kaya."

"Na sani, Baba. Wallahi ko na danna ba za ta fita ba, sai Legas sun saki."

"Ga alat nan, duba mana."

"Na gani, ranka ya daɗe. Shi ne bai gani ba."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "To wanga Sap ɗin ba ya da na gaba da shi? Ba wanda zai yi mashi magana?"

Akwai, amma ba a Katsina yake ba. Sai bayan la'asar aka saki odar, direbobinsa suka yi lodi da fitila.

Mutane da yawa in na ba su labarin nan tausayin dattijon suke ji, ni ma na ji. Sai dai na yi aikin sito a wani wuri a zamanin littafi da biro, na san ɗaya fuskar. Can, manaja zai leƙo ya ce, "Sake wa Alhaji, za mu daidaita." Ba takarda, ba sa hannu. In an daidaita, falillahil hamdu. In ba a daidaita ba, ranar da masu binciken kuɗi suka zo, sa hannun yaron sito ne a kan webil, manaja kuwa bai tuna an yi haka ba. Ana cewa irin wannan manhaja mai kamfani take karewa daga ma'aikata. Ni abin da na gani, ƙaramin ma'aikaci ta fi karewa. A garin da ba ka iya kallon idon sa'an mahaifinka ka ce mashi a'a, samun abin da zai ce a'a ɗin a madadinka, wanda ba ya zuwa ɗaurin aure kuma ba ya haɗuwa da kowa a masallacin Juma'a, ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Amma iyakarsa ke nan. Tsarin bai san dattijon nan ya shekara talatin bai ci kuɗin kowa ba, bai san cinikin sukari na ninkawa a azumi ba, sai in an gaya mashi. Akwai gurbin da za a ɗaga wa dila iyaka na ɗan lokaci. Mutum ne ke zama ya cike gurbin, kuma in mutumin yana Legas, bai taɓa ganin kasuwar Jibiya ranar Lahadi ba, adadin da ya ga dama zai sa. Haka nan duk wannan sawu da nake yabo, lambar sirri ɗaya ke rusa shi. Na san wuraren da mutum huɗu ke shiga da sunan mutum ɗaya, wai don kuɗin lasisin kowane kai yana da tsada. A nan mai oda, mai karɓa da mai amincewa sun zama mutum guda, an sayi tsarin miliyoyi an mayar da shi littafin da kowa ke rubutu a ciki.

Abin da ya sa sanya SAP a kamfani ke cin shekaru da kuɗi fiye da kuɗin manhajar kanta shi ne wancan tunani na biyu na mutum biyar ɗin, manhaja ɗaya ga kowa. Riga ce ta kanti, an ɗinka ta tun ba a auna ka ba. Ko dai ka gyara tsayuwarka ta zauna maka, ko ka kai wa tela ya yi ta farkewa yana ƙari har kuɗin gyara ya fi kuɗin riga. Kamfanin kantunan Lidl, wanda shi ma na Jamus ne, ya gwada hanya ta biyu. Su sun saba ƙiyasta kayansu da farashin da suka sayo, manhajar 'yan kanti ta SAP kuwa da farashin sayarwa take tafiya. Suka ƙi canza al'adarsu, aka yi ta gyara tun daga 2011, a 2018 suka watsar da aikin bayan an kashe abin da aka ƙiyasta ya kai Yuro miliyan 500. Kamfanin cakulan Hershey na Amurka kuma gaggawa ce ta ci shi a 1999: ya kunna sabon tsari, wanda ya haɗa SAP da wasu manhajoji biyu, dab da lokacin da ya fi ciniki a shekara, ya kasa kai odar kusan dala miliyan 100 alhali kayan na jibge a sito. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban buhunan da tsarin bai san da su ba, ya san yadda masu siton Hershey suka ji.

Daga shekarun 2000 labarin ya koma na saye-saye, ba zan daɗe a kai ba. Sun sayi wani kamfanin Isra'ila a 2002 suka mayar da manhajarsa Business One, ta ƙanana da matsakaitan kamfanoni. Sai Business Objects ta rahotanni, Sybase a 2010, SuccessFactors ta harkar ma'aikata, Ariba ta hulɗa da masu kawo kaya a 2012, Concur ta kuɗin tafiye-tafiye a 2014 kan dala biliyan 8.3. Sun kuma sha shari'a da babban abokin hamayyarsu Oracle kan kwasar manhajojinsa da wani reshensu mai suna TomorrowNow ya yi, aka ƙare a 2014 da biyan sama da dala miliyan 350. Yau ma'aikatansu sun haura dubu 100, cinikin 2024 ya wuce Yuro biliyan 34.

'Yan gidan kallon ƙwallo sun san kuɗin SAP ko ba su san sunan ba. Dietmar Hopp ne ya ɗauki ƙungiyar ƙauyensu, Hoffenheim, ya yi ta zuba mata kuɗi har ta hau Bundesliga a 2008. Ɗan Najeriya Chinedu Obasi na cikin waɗanda suka hau da ita, daga can kuma Firmino ya tafi Liverpool.

Akwai wani labarin da ba ya cikin takardun tallansu. A Janairun 2024 SAP ya amince ya biya sama da dala miliyan 220 don kashe tuhumar da hukumomin Amurka suka yi mashi ta ba jami'an gwamnati cin hanci a Afirka ta Kudu da Indonesiya, hukumar kula da hannun jari ta Amurka kuma ta ambaci har da Ghana, Kenya, Malawi da Tanzaniya. Ranar da na karanta labarin na yi dariya ni kaɗai a ofis. Masu sayar da maganin sata ne aka kama, kuma ina da tabbacin kuɗin da suka bi ta hannun 'yan tsakiya an shigar da su a tsari, da lamba da rana da sa'a.

Abin da ke gabanmu yanzu ƙaura ce. Tun wajen 2010 SAP ya fito da tasa ma'ajiyar bayanai, HANA, wadda Hasso Plattner ya tsaya a kanta da ɗalibansa na cibiyar da ya kafa a Potsdam. Maimakon a riƙa ɗauko bayanai daga faifai, ana riƙe su ne a ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta, don haka rahoton da kan ɗauki dare yana fitowa kafin shayi ya huce. A 2015 aka gina sabon tsarin gaba ɗaya a kanta, S/4HANA, aka kuma sa wa tsohuwar ECC wa'adi: kulawar yau da kullum za ta ƙare a ƙarshen 2027, mai son ƙari zuwa 2030 sai ya ƙara kuɗi. Kamfanin yana kuma tura kowa ya bar ajiye manhaja a kwamfutocinsa ya koma haya ta intanet, ana biya shekara-shekara. Ba wanda zai ce ba zai bi ba bayan ya zuba lissafin shekara ashirin a ciki. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi mashi aski.

A Walldorf intanet ba abin tattaunawa ba ne. Mu nan mun ga Satumbar 2021, da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda matsalar tsaro, ciki har da Jibiya, Batsari, Funtuwa da Dutsin-ma. Dilolinmu na can sai sun shigo gari kafin su tura kuɗi ko su ga alat. Mun kuma ga Maris ɗin 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna suka yi ta tangal-tangal. A irin ranakun nan webil na hannu muke komawa, da izinin manaja a rubuce, in sabis ya dawo a zauna a shigar da su ɗaya bayan ɗaya kafin a rufe rana. Duk wanda zai tsara mana sabon tsari bai tanadi wannan ba, bai gama aikinsa ba.

In wani ɗan kasuwa na Kofar Ƙaura mai shago uku ya tambaye ni ko ya nemi SAP, cewa nake ya bari. Ko Business One ma sai harka ta kai ta kawo. Ƙaramar manhajar lissafi ta ishe shi, in dai wanda ke karɓar kaya daban ne da wanda ke biyan kuɗinsu, kuma kowa da tasa lambar sirri. Matasa masu karatun akanta kuwa, wanda ya iya sashen sito ko na kuɗi na SAP da kyau, ba danna lambobi kawai ba, har ya san abin da kowace dannawa ke rubutawa a littafin kuɗi, ba zai rasa mai nemansa a Kano ko Legas ba.

Kason da ya faɗo kaina a shirin ƙaurar shi ne tsaftace sunayen diloli kafin a kwashe su zuwa sabon tsarin. Mutum ɗaya sai ka same shi da lamba uku, don wani ya rubuta Muhammad, wani Mohammed, wani Moh'd, kowace lamba da nata bashin da tata iyakar. Wani kuma uba ne ya rasu, 'ya'ya biyu suka raba shago, suna ci gaba da ɗaukar kaya da sunansa. Hedkwata ta turo jadawali ta ce in haɗe masu maimaici in mayar kafin ƙarshen wata. Na mutum ɗaya mai lamba uku ba wuya, waya ɗaya ta isa. Na 'yan'uwan nan kuwa sai na je Mai'aduwa ranar kasuwa na zauna da su duka biyun, don sai sun yarda a tsakaninsu wane ne zai ɗauki tsohon bashin kafin in buɗe wa kowa tasa lambar.